Matse Ruwa da Ruwa da Auna Gudunsa a Ƙananan Magudanai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne ɗaliban injiniya da na kimiyyar gwaje-gwajen asibiti suka fi yi idan suka fara aiki da ƙananan magudanan ruwa. Na farko-farko share fage ne. Na gaba kuwa na wanda ya riga ya zauna gaban maikuroskof ne, ya kunna famfo, abin da yake gani ya ƙi yin daidai da abin da ya lissafa.

Wane irin magudanai ake magana a kai?

Hanyoyin ruwa ne da ake sassaƙawa a jikin gilashi, ko silikon, ko roba garai-garai, faɗinsu daga maikuromita 10 zuwa 'yan ɗaruruwa. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai yakan kama daga 50 zuwa 100, jan ƙwayar jini kuma 7 zuwa 8. Ruwan da ke bi ta ciki da maikurolita a minti ake auna shi. Ɗigo guda na ruwa ya kai wajen maikurolita 50, ke nan a wasu gwaje-gwajen ɗigon nan ɗaya zai kai ka kusan awa.

A 1990 Andreas Manz da abokan aikinsa a kamfanin Ciba-Geigy na Basel suka fito da tunanin tattara aikin ɗakin gwaji gaba ɗaya a kan ɗan allo guda. Abin ya yaɗu sosai bayan 1998, lokacin da rukunin George Whitesides na Jami'ar Harvard ya nuna yadda za a zuba robar PDMS a kan zubi, a gasa ta, a ɓanɓare, a huda ramukan shiga da fita, a manna a kan gilashi. Aikin da da sai masana'antar silikon, sai ga ɗalibi yana gama shi cikin yini.

Mene ne matse ruwa da ruwa?

A siffarsa mafi sauƙi, hanyoyi uku ne ke haɗuwa su zama ɗaya. Ta tsakiya ce ke ɗauke da samfur, wato jinin da aka sirka, ko rini, ko ruwa mai ƙwayoyi. Biyu na gefe suna kawo ruwan rakiya, wanda yawanci ruwan gishiri ne tatacce. Da yake ruwan rakiyar ya fi yawa, a mahaɗar sai ya danno samfurin ta dama da hagu, ya tsuke shi ya zama siririn zare a tsakiya, su ci gaba da tafiya tare. Idan ka sa rini a samfurin ka leƙa ta maikuroskof, za ka ga ya fito da faɗinsa daga bakin hanyarsa, ya yi tsini cikin ɗan taƙi, daga nan ya miƙe sambal har bakin fita.

Babu bango tsakanin zaren da ruwan rakiya. Ruwa ne ke riƙe ruwa.

Me ya sa ba za a ƙera magudanar siririya tun farko ba, a huta?

Mai ƙirga tumaki ya san ba ya iya ƙirga su sai sun bi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san idan ya matse ƙofar garke da yawa, biyu za su cushe a baki su tare sauran. Haka ƙwayoyin jini. Magudana mai faɗin maikuromita 10 za ta jera su, amma dunƙule ɗaya ko silin auduga ɗaya ya isa ya toshe ta, ga kuma matsin da za a buƙata kafin ruwa ya ratsa.

Wannan matsala ce ta dami masu ƙoƙarin ƙera na'urar ƙirga jini, har P. J. Crosland-Taylor na asibitin Middlesex da ke Landan ya wallafa mafita a mujallar Nature a 1953: a bar bututun da faɗinsa, a allura samfurin a tsakiyar ruwa mai gudu. Ƙwayoyin sun jeru, ba su taɓa bango ba, dunƙule kuma yana da wurin wucewa. Kusan duk na'urorin ƙirga ƙwayoyi da hasken leza da suka biyo baya a kan wannan dabara suka tsaya.

Me ke hana ruwan biyu gauraya?

Ƙanƙantar wurin. A 1883 Osborne Reynolds, a Manchesta, ya saki siririn rini a cikin bututun gilashi mai ruwa. Da ruwan na tafiya a hankali, rinin ya miƙe kamar an ja layi. Da aka ƙara gudu, sai ya hargitse ya bazu. Lambar da ke ɗauke da sunansa ita ke faɗin wanne zai faru: a ninka nauyin ruwa da gudunsa da faɗin bututu, a raba da kaurin ruwan. A bututu mai zagaye, hargitsi yana farawa idan lambar ta haura wajen 2,000.

Ɗauki ruwa zalla a magudana mai faɗin maikuromita 100, yana gudun milimita 1 a sakan. Lambar Reynolds ɗinsa 0.1 ce. Ko ka ninka gudun sau ɗari, 10 za ka samu. A nan kaurin ruwa ke mulki, kowane sahu yana bin layinsa, babu juyi, babu tambal. Shi ya sa zaren ke tsayawa.

To har abada ba za su gauraya ba ke nan?

Suna gauraya, amma ta hanyar naso kawai, wato ƙwayoyin sinadari su riƙa kutsawa gefe da kansu. Abin lura shi ne lokacin naso ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nisa; idan ka rage nisa sau goma, lokaci ya ragu sau ɗari. Ƙaramin sinadari a ruwa yakan ɗauki kimanin sakan 5 ya ratsa maikuromita 100. Maikuromita 1 kuwa rabin milisakan ne. Nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na maikuromita, maikurosakan 5.

Nan abin ya juye: dabarar da aka ƙirƙira don ta ware samfur sai ta zama hanyar gauraya mafi sauri. A 1998 James Knight da Robert Austin da abokan aikinsu a Jami'ar Princeton suka matse zare a kan allon silikon har ya kai nanomita 50, suka samu gauraya cikin ƙasa da maikurosakan 10. Da irin wannan ake kallon yadda furotin ke naɗe kansa, domin kowane wuri a tsawon zaren yana wakiltar wani lokaci bayan gauraya. Idan ka san gudun zaren, nisa ya zama agogo. Idan ba ka san shi daidai ba, agogon ƙarya yake yi, kuma wannan ne dalilin da ya sa matsewa da auna gudu ba sa rabuwa.

A 2004 Andreas Jahn da abokansa a hukumar NIST ta Amurka suka matse mai da aka narkar a barasar aisofurofil tsakanin ruwa biyu, man ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye masu girman nanomita 100 zuwa 300, girman yana bin yadda aka saita famfunan. Ƙwayoyin jini kuwa sun yi girma da yawa, nasonsu bai taka kara ya karya ba, don haka suna zama cikin zaren.

Yaya zan lissafa faɗin zaren kafin in kunna famfo?

Da rabo. Ba yawan ruwan ba ne ke yanke faɗin zare, rabon samfur cikin jimilla ne. A ce magudanarka faɗinta maikuromita 100, zurfinta 50. Samfur yana shiga da maikurolita 1 a minti, kowane gefe 4.5, jimilla 10. Samfur kashi ɗaya ne cikin goma, don haka lissafin farko ya ba ka zare mai faɗin maikuromita 10.

Da ka auna za ka tarar da 7 zuwa 8. Ba famfonka ne ya yi kuskure ba. Ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, kuma ruwan da ya fi gudu ba ya buƙatar fili mai yawa kafin ya wuce da adadinsa. A magudana mai wannan siffa, sahun tsakiya, idan aka haɗa shi daga daɓe har rufi, ya fi matsakaicin gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abu biyu ke biyo baya. Idan ka ninka dukkan famfunan sau biyu, zaren zai ninka gudu amma faɗinsa na nan. Idan kuma samfurin ya fi ruwan rakiya kauri, kamar jinin da ba a sirka sosai ba, zai yi nawa, zaren ya fi lissafi faɗi.

Ana yawan cewa ruwa ba gudu ɗaya yake yi a magudana ba. Me ake nufi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Ruwan da ke manne da bango a tsaye yake cik. Sahun da ke kusa da shi yana jan ƙafa, na gaba ya ɗara shi, har a kai tsakiya inda gudu ya fi yawa. A bututu mai zagaye, gudun tsakiya ninki biyu ne na matsakaici. Tsakanin faranti biyu masu faɗi, ninki ɗaya da rabi. A magudana mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ya ɗan haura ninki biyu.

Gotthilf Hagen a Jamus da Jean Poiseuille a Faransa ne suka gano ƙa'idar yadda ruwa ke bin siraran bututai, wajajen 1839 zuwa 1840. Poiseuille likita ne, gudun jini a jijiyoyi ne ya dame shi. Abin da suka gano yana da tsauri: a matsi ɗaya, idan ka rage faɗin bututu da rabi, ruwan da ke wucewa ya ragu sau 16.

Don haka duk wanda ya ce maka gudun ruwansa kaza ne, tambaye shi a ina. Matsakaici? A tsakiya? A wane zurfi? Rabin saɓanin da ake samu tsakanin sakamakon mutum biyu daga rashin wannan tambaya yake.

Famfon sirinji yana nuna lamba a fuskarsa. Me ya sa sai na sake aunawa?

Domin lambar nan alkawarin injin ne a kan yadda zai tura sandar sirinji, ba shaida ba ce a kan abin da ke faruwa cikin magudana. A takarda lissafin mai sauƙi ne: a magudanar ɗazu mai 100 da 50, maikurolita 1 a minti yana ba da matsakaicin gudu na milimita 3.3 a sakan, 10 kuma 33. Tsakanin takarda da allo akwai abubuwa da yawa.

Famfo ba ya sanin girman sirinjin da ka ɗora masa sai ka gaya masa, kuma sirinjin mililita 1 na kamfanoni biyu ba lalle faɗinsu ya zo ɗaya ba. Injinsa taki-taki yake tafiya, a ƙaramin gudu ana ganin takin a jikin zaren, yana kumbura yana tsukewa. Sirinjin roba da tiyo mai laushi suna buɗewa su shanye matsi, sai ka canza saiti amma magudana ba ta ji ba sai bayan mintuna. Kumfar iska guda a tiyo ta fi su duka ɓarna a wannan fanni. Ita kanta PDMS tana kumbura idan matsi ya yi yawa, hanyar ta ƙara girma kusa da mashiga, ruwan ya yi ƙasa da gudun da aka lissafa.

Sannan zurfin da aka zana ba shi ne zurfin da aka samu ba. Ga mai tura ruwa da matsin iska, a magudana mai faɗi marar zurfi, ragin kashi 10 cikin ɗari a zurfi yana rage ruwan da ke wucewa da kusan kashi 27. A yanka allo ɗaya daga cikin waɗanda aka zuba, a kwantar da shi a auna zurfin da ido. Gara asarar allo ɗaya da asarar watanni.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta aunawa, ga wanda ba shi da manyan kayan aiki?

Sikeli da agogo. Maikurolita 1 na ruwa nauyinsa miligiram 1. Tara abin da ke fita a 'yar kwalba na minti 30. Idan famfo ya ce 10 a minti, ya kamata ka ga miligiram 300. Abokin gaba a nan shi ne tururi. A zuba ɗan mai a saman ruwan da ke kwalbar, ko a ajiye kwalba ta biyu mai ruwa a gefe a ga nawa ta rasa a wannan lokaci. Wannan hanya jimilla kawai take bayarwa, amma ita ce alƙalin da ake gwada sauran da shi.

Ta biyu, hoton jela. A sa 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a ruwan, a bar idon kamara a buɗe na ɗan lokaci sananne, kowace ƙwaya ta ja layi. Layi mai tsawon maikuromita 60 cikin milisakan 10 yana nufin milimita 6 a sakan. Za ka ga layuka dogaye da gajeru a hoto ɗaya; mafi tsawo su ne na tsakiya, kuma su ne suka fi sauƙin kwatantawa da lissafi. Sai dai a fara auna fiksel nawa ne maikuromita ɗaya da gilashin ma'auni, a kan madubin maikuroskof ɗin da za a yi aikin da shi.

Akwai kuma ma'aunan da ake saƙalawa a tiyo, irin na Sensirion da Fluigent da Elveflow. Mafi yawansu da zafi suke aiki: ɗan garwashin lantarki a tsakiya, ma'aunin zafi gaba da baya, ruwa yana kwashe zafin zuwa gaba gwargwadon gudunsa. An daidaita su ne da wani ruwa takamaimai. Wanda aka daidaita da ruwa zalla ba zai faɗi gaskiya a kan barasa ko mai ba sai an sake daidaita shi.

Mene ne PIV, kuma yaya yake aiki a wuri ƙarami haka?

Hanya ce ta samun taswirar gudu a faɗin magudana gaba ɗaya. Ana barbaɗa ƙwayoyin roba a ruwan, girmansu daga nanomita 200 zuwa maikuromita 1, nauyinsu dab da na ruwa don kada su nutse da wuri. Ana ɗaukar hoto biyu a jere, tazararsu sananniya. Kwamfuta ta yanka hoton gida-gida, misali fiksel 32 da 32, ta nemi inda zanen ɗige-ɗigen kowane gida ya koma a hoto na biyu. Nisa a raba da lokaci, an samu kibiya ɗaya. Gidaje dubu, kibau dubu. Ana zaɓar tazarar hotunan yadda ƙwayoyin za su matsa kimanin kwata na faɗin gida.

Juan Santiago, Steve Wereley, Carl Meinhart, David Beebe da Ronald Adrian ne suka fara saukar da wannan hanya zuwa ƙarƙashin maikuroskof a 1998, da ƙwayoyi masu nanomita 300, a ruwan da ke kewaya wani ɗan ginshiƙi mai faɗin maikuromita 30.

Wahalar a nan ita ce haske. A babban bututu ana yanka ruwan da siririn labulen leza, abin da ke cikin labulen kaɗai ake gani. A magudana mai zurfin maikuromita 50 babu wurin shigar da labule, dole a haske zurfin duka. Ƙwayoyin da ke sama da ƙasa da inda madubi ya saita suna fitowa dishi-dishi, kuma suna sa baki a lissafin. Tunda gudunsu ya bambanta, amsar da ke fita gaurayen gudun zurfafa da yawa ce. A tsakiyar magudana wannan yana rage lambar, domin duk maƙwabtan tsakiya sun fi ta nawa. Madubi mai faɗin ido da ƙananan ƙwayoyi suna rage matsalar. Ƙwayoyin masu ƙyalli ake so: a haska su da kore, su mayar da ja-ja, tacen haske ya tare koren da bango ke maidowa. Manhajar lissafin ba ita ce tsadar ba, akwai OpenPIV da PIVlab kyauta.

Ƙwayoyina suna rawa ko ruwa na tsaye. Wannan ba zai ɓata awo ba?

Zai ɓata idan gudun ƙarami ne. Rawar nan ita Robert Brown ya gani a 1827, Einstein ya yi mata bayani a 1905: ƙwayoyin ruwa ne ke dukan ƙwayar roba ta ko'ina. Ƙwaya mai nanomita 500 takan kauce kimanin nanomita 40 cikin milisakan 1. Idan ruwa na gudun milimita 1 a sakan, a wannan lokaci ta yi tafiyar nanomita 1,000, kuskuren kashi 4 ne cikin ɗari. Idan kuwa gudun maikuromita 10 ne a sakan, sai ka jira kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ta yi wannan tafiya, rawar kuma ta kai nanomita 400. Kuskure ya zama kashi 40.

Sa'ar ita ce rawar ba ta da alƙibla. Idan gudun ba ya canzawa, a ɗauki hotuna bibbiyu masu yawa a haɗa lissafinsu. Sau ɗari yana rage kuskuren sau goma.

Matsewar kanta tana taimakawa wajen auna gudu?

Ƙwarai, kuma dabarar tana da kyau. Tunda ba a iya yin labulen haske, sai a yi labulen ƙwayoyi: a sa su cikin samfur kaɗai, a bar ruwan rakiya fes, a matse. Duk abin da ke ƙyalli yana cikin siririn sahu guda, babu na dishi-dishi da zai sa baki, muddin an leƙa ta fuskar da ta dace. Michal Mielnik da Lars Sætran na Trondheim a Norwe sun nuna haka a 2006. Idan aka ƙara wa gefe ɗaya ruwa aka rage wa ɗayan, sahun zai matsa, a auna gudu a wani wurin.

Haka kuma idan ƙwayoyi sun jeru a layi ɗaya, ana iya kafa shinge biyu na haske ko na lantarki, tazararsu sananniya, a auna lokacin da ƙwaya ta ɗauka daga na farko zuwa na biyu. Na'urorin da ke da leza fiye da ɗaya da wannan jinkirin suke gane cewa walƙiyar da aka gani a nan da wadda aka gani a can ta ƙwaya ɗaya ce.

Ta sama zaren ya yi kyau, amma sakamakona a warwatse yake. Me ya faru?

Abin da kake gani ta sama ba zare ba ne, labule ne da kake kallo ta bakinsa. Mahaɗa mai hanyoyi uku a shimfiɗe ta dama da hagu kaɗai take matsewa. Samfurin yana nan daga daɓe har rufi. Ƙwayar da ke tsakiyar zurfi tana wucewa da sauri, ta kusa da daɓe tana rarrafe, ta daɗe a cikin haske, ta kuma fita daga saitin madubi. Ƙwayoyi iri ɗaya sai su ba da alamu iri-iri.

Maganin shi ne a matse ta sama da ƙasa ma. Tsohuwar hanya, allura a cikin bututu, tana yin haka da kanta. A kan allo sai dai a yi hawa-hawa, ko a sassaƙa tsagogi masu siffar V a daɓe da rufi su karkato da ruwan rakiya sama da ƙasa, ko a bi da ruwan ta lanƙwasa. A kwana, ruwa mai gudu yana yin juyi biyu a faɗinsa, abin da W. R. Dean ya yi wa lissafi a 1927. Rukunin Tony Jun Huang a Jami'ar Jihar Pennsylvania ya yi amfani da juyin a 2007 ya shimfiɗe samfur a tsakiyar zurfi, sannan ya matse shi ta gefe. Wannan hanya tana son gudu sosai, a ƙaramin gudu ba ta aiki.

Ana iya jera ƙwayoyi ba tare da ruwan rakiya ba?

Ana iyawa. Segré da Silberberg sun lura a 1961 cewa ƙwayoyi a bututu suna taruwa da kansu a wani zobe, kimanin kashi 60 cikin ɗari na nisan tsakiya zuwa bango. Dino Di Carlo da Mehmet Toner da abokansu suka shigo da wannan cikin ƙananan magudanai a 2007. Akwai kuma mai amfani da sauti mai tsananin kaifi yana tura ƙwayoyi tsakiya. Ribar ita ce ba a sirka samfur, ba a ɗaukar jarkar ruwan rakiya. Amma dukkansu sun dogara da girman ƙwaya: manya suna jeruwa, ƙanana suna bijirewa. Ruwan rakiya bai damu da girma ba, har narkakken rini yana matsewa.

Zaren ya karkace gefe, ko yana kaɗawa. Ina zan fara dubawa?

Kumfa tukuna. Bi tiyo da ido daga sirinji har mashiga, sannan ka duba kusurwoyin mahaɗa, nan take laɓewa. A fara cika allon da barasar etanol kafin ruwa, tana jiƙa PDMS fiye da ruwa, tana kore iska. Idan ba kumfa, duba ko hannun rakiya ɗaya ya fara toshewa, ko tiyo ɗaya ya fi ɗaya tsawo alhali daga tushe guda suka rabu. Kaɗawa mai tsari, kamar bugun zuciya, takin famfo ne: a koma ƙaramin sirinji na gilashi, injin zai yi taki da yawa a kan adadin ruwa ɗaya.

Wanda famfo ya dame shi yana iya rataye kwalabe kawai. Tsayin santimita 10 na ruwa yana ba da matsi na kusan kilofaskal 1, babu taki, ba ruwansa da ɗauke wuta. Sai dai ruwan kwalbar na raguwa matsin na raguwa, don haka kwalba mai faɗin baki ake so.

Zafin gari yana shafar awo?

Sosai, kuma littattafan da aka rubuta a ɗakunan gwaji masu sanyi ba su cika tsayawa a kai ba. Kaurin ruwa a digiri 20 ya kai 1.0 a ma'aunin milifaskal-sakan, a 30 ya sauka 0.80, a 40 kuma 0.65. Ga mai tura ruwa da matsi ko da rataye kwalba, a ɗakin da ya kai digiri 40 a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ruwan zai fi na ɗaki mai digiri 20 gudu da kusan rabi, a saiti ɗaya. Famfon sirinji bai damu ba, adadinsa yake turawa. Faɗin zare ma ba ya canzawa idan ruwan duka sun ɗumama tare, gudun ne ke canzawa. A rubuta zafin ɗaki a gefen kowane awo.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce. A tace kowane ruwa da matatar maikuromita 0.22, a rufe ramukan allo da salatif har sai za a saka tiyo.

Ina mai aikin asibiti ke cin karo da wannan?

Kullum, ko bai sani ba. Injinan ƙirgen jini da yawa, irin na Sysmex, suna matse samfur da ruwan rakiya kafin ya bi ta ƙaramin ramin da ake ƙirga jajayen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini, don kowace ta bi ta tsakiyar ramin, kada ta goga gefe ta ba da girman ƙarya. Ƙirgen ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 ga masu ɗauke da HIV, wanda aka daɗe ana yi a asibitocin Najeriya da injinan CyFlow na Partec da FACSCount na BD, shi ma a kan zaren nan yake. A irin waɗannan injina ƙwayoyi suna keta hasken leza da gudun mitoci a sakan, dubbai a kowane sakan.

Wasu injinan suna da maɓallin gudu ƙarami, matsakaici da babba. Da yawa suna zaton babba yana sa ƙwayoyin su ƙara sauri ne. Ba haka ba ne. Ruwan rakiya ne ke yanke sauri, kuma maɓallin bai taɓa shi ba. Matsin samfur yake ƙarawa, zaren ya yi faɗi, ƙwayoyi da yawa su wuce a lokaci ɗaya. Aiki ya yi sauri, amma wasu ƙwayoyin sun bi ta gefen haske inda bai kai tsakiya ƙarfi ba, wasu kuma sun shigo bibbiyu an ƙirga su ɗaya. Ga gwajin da kawai ake son a raba wannan iri da wancan, babba ya wadatar. Ga auna yawan DNA a ƙwaya, inda ɗan bambanci ke da ma'ana, a ƙarami ake yi, a yi haƙuri da lokacin. Idan kuma ƙwayoyin robar da ake gwada injin da su da safe suka fito a baje maimakon a dunƙule, kafin a kira injiniya a duba jarkar ruwan rakiya, da murfinta ko yana sakin iska, da matatar da ke bakinta ko kumfa ta maƙale a ciki.